Tsagar Bangon Inna Balki

Asabar, 4 ga Mayu

Sabon kaye, sabon littafin rubutu. Wancan ya cika da sunayen unguwanni da lambobin hoto, babu inda zan sa abin da ke cikina. Wannan nawa ne ni kaɗai. Zan ɓoye shi ƙarƙashin takardun kilas, don Saidou in ya dawo daga wurin aikinsa a Anou Araren ƙarshen mako hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Miji ne na kirki, amma akwai bincike.

Yau na bi ta bakin tasha, inda ɗakin hoton Baba yake a da. Bene ne yanzu mai hawa biyu, siminti da madubai, ana sayar da salula a ƙasa. Na tsaya na ɗauki hotonsa. Mai butikin ya fito yana tambaya ko daga meri, ofishin magajin gari, aka aiko ni. Na ce a'a, ubana ne ya yi shekara ashirin yana ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa a nan. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya kawo mini ruwan sanyi. Na ji daɗin abin har raina.

Wata takwas ke nan ina yawo da apare ɗin ɗaukar hoto da Baba ya bari, ina ɗaukar garin nan kafin ya gama sake kama. Mushe Ousmane na ƙungiyar raya al'adu ya ce in zaɓi hoto ashirin, za su rataya a Nuwamba mutane su zo su gani. Ni Sakina, malamar ƴan aji uku. Ikon Allah.

Laraba, 8 ga Mayu

Hafiza, wadda muke koyarwa tare a lakkwal, ta duba hotunan ta ce, "Duk bango ne da ƙofa. Ke ba ki shiga gidan kowa ba?" Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta ba ni haushi. A Dagmanet aka haife ni, amma a tsohon gari har gobe ni ɗiyar mutumin Madaoua ce, baƙuwa. Ta ce ran Asabar za ta kai ni unguwar Amdit, cikin tsohon garin, wurin gwaggonta, Inna Balki. Wai akwai wani bango a ɗakinta da ko maginin gidan ya daɗe bai sa shi a ido ba, tunda maza iyakarsu zaure.

Asabar, 11 ga Mayu

Na je. Ban san ta ina zan fara ba.

Inna Balki ƴar ƙaramar tsohuwa ce, idonta ya yi yana, gwiwa ta ƙi, amma bakin nan lafiya lau. Tun daga zaure ta ce, "Ke ce mai kama mutane a akwati? Shigo, ɗiyata, ni dai ba na kamuwa." Ta ba mu egajira, furar nan mai cuku da dabino, na sha har na ji kunya.

Sai ta kai mu ɗaki. Bangon gabas, daga ƙasa har azara, ado ne na laka. Alkuki uku na ajiye fitila da kwalli, kewaye da su da'ira cikin da'ira, ƴan kusurwoyi a jere, da wani layi mai kama da saƙar tabarma. In ka matsa kusa za ka ga sawun yatsa. Uwarta ce ta yi da hannunta shekarar da aka kawo ta gidan. Amma bangon ya tsage. Tsagar ta taso daga sama ta ratsa tsakiyar adon, ta rabu gida uku wajen ƙasa.

Haske na shigowa ta ƙofa, Inna ta tsaya a gefe tana lalubar wani abu a alkuki. Hannuna ya yi abin da ya saba. Baba ya koya mini: kafin mutum ya shirya, ki danna biyu ko uku ki gwada haske, in ya shirya sai ki ɗauki na gaske. Tun ina shekara goma sha biyu nake haka, ba na ma tunani. Na danna uku.

Ido ne babu, kunne yana nan. Ta juyo. "Mene ne wannan kas-kas?"

Na ce gwajin haske ne kawai, Inna.

Ta ce, "A'a. Ba a ɗaukar bangon nan a haka. Shekara uku ban iya shafa shi ba, Illiya magini ya yi alkawari bayan Layya zai zo. In an yi yaɓe ki zo ki ɗauka har ki gaji. Amma ba za a ce Balki ta bar ɗakin uwarta ya tsage, har duniya ta gani ba. Goge."

Na sunkuya a kan apare. Na goge na farko, na goge na biyu. Na uku na duba shi, yatsana ya tsaya.

"Kin goge?"

"Na goge, Inna."

Sau ɗaya ta tambaya. Ta ce Allah ya yi mini albarka, ta cika mini leda da dabino.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na buɗe shi a ordinatair, kwamfutata. Ban taɓa ɗaukar kamarsa ba, kuma na san ba zan ƙara ba. Hasken ya bi kowane sawun yatsa. Inna na gefe, kallabi ya zame, hannunta cikin alkuki. Da tsagar.

Na sa shi cikin jakar da na rubuta wa "jarrabawa". Ba wanda zai gani. Ai ban cuci kowa ba. Ajiyewa kawai na yi.

Asabar, 25 ga Mayu

Amdit kuma. Yanzu ba sai da Hafiza ba. Inna ta kama hannuna ta kai ni gida huɗu, tana dogara sanda tana zagin kwatar da masu sabon gini suka sako a lungu. Matan sun ɗan yi ɗari-ɗari da apare. A gidan wata Hauwa mai saƙar tabarma, surukarta ta ce su ba sa son a kai su cikin salula. Inna ta ce, "Ku bar tsoro. Ɗiyar nan in kin ce ta goge, ta goge. Na gwada ta."

Na yi murmushi. Me zan yi?

Na samu hotuna masu kyau ƙwarai. Tsakar gida, tukwane, awaki a kan matakala, wata tsohuwa tana kallon tele a ƙarƙashin rufin azarar goriba da ya girmi kakanta. Duk albarkacin Inna. Abincin rana bai shiga ba.

Talata, 4 ga Yuni

Zafi. Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke tun safe, batiri ya mutu, ban ɗauki komai ba. Na huta.

Alhamis, 20 ga Yuni

Layya ta wuce. Na kai wa Inna soyayyen nama. Illiya bai zo ba. Yana Dagmanet, wai, yana jera bulon siminti a wani bene na masu zinariya, bayan gidanmu ma. Inna ta ce ba ta ga laifinsa ba, masu aikin laka sun zama ƴan kaɗan, kuma kowa na son inda aiki yake kullum. Amma na ga tana shafa tsagar da tafin hannu tana magana, kamar mai lallashin jinjiri.

Ta koya mini sunayen adon. Wannan idon rijiya, wannan sawun barewa, wannan tabarma. Ta ce uwarta ce ta raɗa musu, ba lallai a ji su a wani gida ba. Na rubuta. Da zan tafi ta ce, "Ke, kin fi ƴaƴan cikina zuwa." Na fita da sauri.

Asabar, 13 ga Yuli

Mushe Ousmane ya duba hoto arba'in. Ya yaba, sannan ya ce, "Bon, Madame, akwai aiki. Amma ina wanda zai tsayar da mutum a ƙofa? Ina wanda za mu sa a gaba?" Hannuna har ya kai kan jakar jarrabawa. Na janye. Na ce ina nan ina nema.

Ban nuna ba. Ko wannan a rubuta mini shi.

Litinin, 29 ga Yuli

Ruwa na biyu a mako ɗaya. Ƙoramar Telwa ta kawo, yara da manya duk an tafi kallo. Tsofaffi na cewa ba su saba ganin irin wannan ba. Na ɗauki indararo na zuba a lungunan Obitara, da mata suna tare ƙofa da buhunan yashi. Na leƙa Amdit. Tsagar yanzu yatsa na shiga. Na ce Inna ta koma kwana a ɗakin zaure, ta ce in bar mata iyayi.

Laraba, 14 ga Agusta

Bangon ya faɗi.

Jiya bayan azahar, cikin ruwan nan da ya yi awa uku. Inna ta fita zaure ta karɓi aron rariya daga maƙwabciya, tana tsaye suna gardamar wa ya fi daɗewa da rariyar wani, sai suka ji ƙarar. Rariya, jama'a. Alhamdulillahi, alhamdulillahi. Ko ƙwarzane babu.

Na je da safe. Bangon gabas duka ya zama tudun jar laka, azara biyu sun sunkuyo. Na tona da hannu ko zan samu ɓallin adon, ruwa ya narkar da komai. Apare na wuyana, ban ɗaga shi ba.

Inna na zaune a kan turmi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Da ma na bar ki kin ɗauka."

Wallahi na buɗe baki. Hafiza na wurin, Hauwa na wurin, da surukarta, da mata kusan goma. Na rufe.

Asabar, 17 ga Agusta

Ɗan Inna, Chaibou, ya ɗauko ta zuwa gidansa nan Dagmanet, lungu biyu daga namu. Ɗaki mai daɓen karo, wato tayil, da fanka. Ta ce kamar an sa ta a tukunyar ƙarfe an rufe.

Na faɗa wa Saidou komai. Sannan ya ce, "To ai alheri ne ya zo da ƙafarsa. Kai mata." Na ce ba ka gane ba, ta tsaya a ƙofar mutane ta shaide ni. Ya ce, "Na gane. Kai mata duk da haka." Na ji haushinsa wuni guda. Shi abu in ya faɗa sau biyu ya gama, ya koma gyaran rediyonsa.

Asabar, 7 ga Satumba

An yi zama a gidan Chaibou. Shi yana son a ta da bangon da bulon siminti a huta. Inna ta ce in an sa siminti a ɗakin uwarta to a nemo wata tsohuwar a sa a ciki. Malam Illiya ya zo da kansa, kansa a ƙasa, hula a hannu. Ya ce, "Inna, ni na ja. Da zarar ruwa ya ɗauke zan ta da shi da laka, in sha Allahu. Amma adon, rabona da ganinsa tun ina bin mahaifina. Sai dai ki kwatanta mini."

Ta sauko ƙasa da gwiwar nan tata, ta share yashin tsakar gida, ta fara zanawa da yatsa. Da'ira. Kusurwa uku. Ta tsaya. Ta share ta sake. Ta ce sawun barewa yana dama, a'a hagu, a'a. Shekara saba'in tana kwana tana tashi a gabansa, hannunta ya san shi in ta taɓa, amma ta kasa fito da shi a ƙasa. Ta share duka ta ce rana ce ta dame ta.

Chaibou ya ce a hankali, "Inna, in ba a tuna ba a yi shi sumul, ai ba laifi."

Ni ina zaune a tabarma, hoton na lungu biyu daga wurin.

Asabar, 21 ga Satumba

Na yi tunanin in aika wa Illiya a ɓoye, in ce a wani tsohon littafi na samu. Ƙarya kan ƙarya. Kuma Inna ba yarinya ba ce, za ta tambayi wa ya shiga ɗakinta.

Asabar, 5 ga Oktoba

Bango ya tashi. An koma lakkwal, yara hamsin da takwas a kilas, kaina kamar zai rabe. Illiya ya ce ran Talata ta sama, sha biyar ga wata, zai yi yaɓen ƙarshe. Ado kuwa sai laka na ɗanye ake yinsa. In ta bushe shi ke nan, sumul ɗin Chaibou.

Kwana goma.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na sayi rumman na Timia, na je, na zauna, muka yi hirar ciwon gwiwa, na dawo. Matsoraciya kawai.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na faɗa.

Bayan la'asar, ita kaɗai a inuwar katanga tana ɓare rumman ɗin da na kai. Ban zauna a tabarma ba, na durƙusa. Na ce, "Inna, ranar da na fara zuwa uku na ɗauka. Biyu na goge. Ɗaya yana nan."

Hannunta ya tsaya.

"Bangon duka ya fito?"

"Duka, Inna. Har sawun yatsa."

"Da tsagar."

"Da ita."

"Ina ciki?"

"Kina ciki."

"Da wane zane?"

Na ce na aikin gida, mai ruwan ƙasa. Ta tambayi kanta, a rufe yake? Na ce kallabin ya ɗan zame. Ta rufe ido. Na gwammace ta ɗaga sandar nan ta sauke mini.

Ta ce, "Wa ya gani?" Na rantse ba kowa, ko mijina labari kawai ya ji. Ta ce, "Rantsuwarki kuma yanzu ta mece ce?" Ba da faɗa ba, tambaya ce kawai.

Sannan ta ce, "Hoton bai dame ni ba kamar yadda kike zato. Na kai ki gida huɗu na ce na gwada ki. Bakina na ba ki aro, Malama."

Malama. Tun ranar farko ɗiyata take ce mini.

Ta ce in cire ta daga ciki, in ba Illiya bangon kaɗai. In ya gama, in zo in goge a gabanta, Hafiza ta duba da idonta. Ta ce ba za ta faɗa wa matan Amdit ba, ni na san yadda zan yi da su. Da zan tashi ta tura mini rabin rumman ɗin ba ta dube ni ba. Na ci shi a hanya ina hawaye, mai kabu-kabu yana ta kallona.

Amma an sauke mini dutse. Na gode wa Allah ko a haka aka tsaya.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na yanke gefen da Inna take, na kai wurin masu fotokopi suka fitar a babbar takarda. Tawadarsu ta kusa ƙarewa, ya fito baƙi da fari, dishi-dishi, amma ana ganin layukan. Malam Illiya ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kai, matan da sun iya." Bai tambaye ni inda na samu ba. Allah ya saka masa.

Talata, 15 ga Oktoba

Ina kilas wuni guda hankalina na Amdit. Ana tashi na hau kabu-kabu. Na tarar an kawo Inna, Hafiza na riƙe da ita, Illiya na bakin ƙofa laka har gwiwar hannu, takardata manne a azara da ƙaya. Tun asuba yake yi. Ɗakin na ƙamshin ɗanyar ƙasa.

Ya yi kyau. Idon rijiya, sawun barewa, tabarma, kowanne a wurinsa. Sai na ga wani abu. Daga sama wani reshe ya sauko, ya ratsa tsakiyar adon, ya rabu gida uku wajen ƙasa. An fito da shi tsaf, an gyara gefensa, har da ƴan ɗigo a bakin kowane reshe.

Tsagar ce. A takardar ta fito baƙin layi kamar sauran, shi kuma bai taɓa ganin ta da ido ba, sai ya ɗauka cikin adon take. Ya ma ce ita ta fi ba shi wahala.

Kafin in yi magana Inna ta sa hannu. Ta fara daga alkuki, tana bi a hankali don kada ta ɓata, leɓenta na motsi. Ta zo kan reshen. Ta bi shi sama, ta bi shi ƙasa, ta bi rassan uku ɗaya bayan ɗaya.

"Illiya."

"Na'am, Inna."

"Shekara uku ina roƙonka ka zo ka rufe mini tsagar nan. Da ka tashi zuwa sai ka gina mini sabuwa, har da kwalliya?"

Bawan Allah ya dubi takarda, ya dubi bango, ya dafe kai da hannun laka. Ya ce yanzu zai shafe, ai ba ta bushe ba. Inna kuwa dariya ta kama ta, har sai da Hafiza ta zaunar da ita a kan buhu. Rabona da jin dariyarta tun kafin ruwa. Da ta lafa ta share ido da bakin zane ta ce, "Bar ta. Uwata ta yi nata, wannan nawa ne. Ni na zauna da ita shekara uku, ni na san ta."

Ni ba ta ce mini komai ba. Ba ta kuma kore ni ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na kai ordinatair da apare gidan Chaibou. Na buɗe jakar jarrabawa. Hafiza ta ga hoton karo na farko, ta ce a kunnena, "Sakina, wannan fa shi ne na gaban." Na ce na sani.

Na ƙara dubansa sau ɗaya. Na goge. Na goge a kwandon shara na ordinatair, na goge a katin apare, na yaga takardar Illiya na sa a murhu. Inna ta ce, "Hafiza, duba." Hafiza ta duba ko'ina ta ce babu. Inna ta ce, "Sake dubawa." Ta sake.

Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye wa kaye ba. Har yanzu in na rufe ido ina ganin hasken.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na ɗauki ordinatair na bi gidajen nan huɗu. Na faɗa musu abin da na yi wa Inna, da bakina, sannan na nuna wa kowace duk hoton da na ɗauka a gidanta. Surukar Hauwa ta ce, "Ai na faɗa," ta sa na goge biyar. Ta ɗakin tele ta ce nata ya yi, amma a ƙara wani da jikokinta. Wata ta ce in cire akuyar, ramammiya ce, za a yi da ita. Bakwai suka tafi cikin masu kyau. Ba wadda ta hana ni dawowa, abin da ban sa rai ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Inna ta koma Amdit ran Alhamis. Jiya ta aiko Hafiza: bango ya bushe, mai akwati ta zo.

Na tarar ta shirya tun hantsi. Baƙin zane mai sheƙi na cikin adaka, sarƙar azurfa, kwalli, kallabi an ɗaure shi kamar ba za a sake kwancewa ba. An share ɗaki, an jera tasoshi a alkuki. Irin hoton da na raina ke nan tun ina ɗakin Baba: a tsaya ƙiƙam, a haɗe fuska, a kalli apare. Na zauna, murfin apare a rufe. Aka yi shayi na ɗaya, na biyu, na uku. Hasken ƙofa mai kyau ya zo ya wuce ina kallonsa. Sai da ta ce, "To, bismilla," na cire murfin.

Ta tsaya gefen bangon, ta lalubo reshen ta ɗora tafin hannu a kai. Ɗaya na danna.

Asabar, 9 ga Nuwamba

An rataya hotunan jiya. Goma sha bakwai, ba ashirin ba. Mushe Ousmane ya ce na Inna kamar hoton ɗakin hoto ne, an shirya shi da yawa. Na ce e, an shirya. Na ce shi za a sa a gaba, ya ɗaga kafaɗa ya sa. Ban ce ya fi wancan ba. Bai fi ba. Matan Amdit dai sun zo su tara cikin adaidaita biyu, suka tsaya a gabansa suna gardamar ko reshen nan da ma yana nan. Malam Illiya ya zo da sabuwar hula, yana bayansu yana saurare.

Yau da safe na je Obitara wurin wasu maƙera. Sai da na dawo gida na lura ban yi gwajin haske ba, na ma bar murfin a rufe har aka gama gaisuwa. Mantuwa ce, ina ji. Baba ya yafe mini.

Da la'asar na kai wa Inna nata, na sa a firam. Ba ta ganin komai a ciki sai duhu da haske, amma ta shafa madubin ta tambaya ko kallabin ya zauna. Na ce ya zauna daram. Ta sa na rataya shi a zaure, inda maza ma za su gani.

Ina ɗaura takalmi ta ce, "Ke ɗiyata. Na cikin akwatin, kada ki goge shi."

Na ce ba zan goge ba, Inna.

Hafiza na zaune a wurin. Inna ba ta ce mata ta duba ba.